Ibn Nafis: Malamin Fiƙihun da Ya Gano Hanyar Jini

Ya 'yan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu a Attantane mun taɓa rakiyar mara lafiya zuwa asibitin Tasawa ko Maraɗi, mun ga likita ya riƙe wuyan hannunsa yana ƙirga bugun jijiya. Abin da yake son sani shi ne ko zuciya na tura jinin da zai wadatar da jiki. Yau za mu tuna da malamin da ya fara bayyana hanyar da wannan jini yake bi.

An haifi Ala'uddin Ali bin Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibn Nafis, a yankin Dimashƙa wajen shekarar 1213. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri, sannan ya koma Alƙahira, inda ya zama shugaban likitoci. Ya kuma karantar da fiƙihun mazhabar Shafi'i.

Tun zamanin Jalinus, likitan Yunanawa, masana sun ɗauka cewa jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan kafofi a bangon da ya raba su. Ibn Sina ma a kan haka ya tafi. A 1242, cikin sharhin da ya yi wa littafin Alƙanun, Ibn Nafis ya ce wannan bango ba shi da kafa. Jini yana fita ne daga dama zuwa huhu, ya haɗu da iska, sannan ya dawo hagu. Girman magabata bai hana shi gyara kuskurensu ba.

Wannan hanya ce likitoci suke bi a yau. A 1870 wani Bajamushe, Adolf Fick, ya nuna cewa za a iya lissafa yawan jinin da zuciya ke turawa daga yawan iskar da jini ke ɗauka a huhu. A 1970 Swan da Ganz suka fito da siririn bututu da ake zurawa ta daman zuciya zuwa jijiyar huhu domin lura da masu jinya da ke cikin mawuyacin hali. Zuciyar baligi mai lafiya tana tura kimanin lita 5 a minti ɗaya idan yana hutawa.

Ibn Nafis ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri. Duniya ta daɗe da manta wannan bincike nasa, sai a 1924 da likitan Masar Muhyiddin Tatawi ya gano rubutun a Balin.

Mu sa 'ya'yanmu maza da mata karatun allo da na likitanci, domin wannan bawan Allah ya haɗa su biyun. Allah Ya jiƙansa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.