Jozef Furiye, Marayan Da Lissafinsa Ya Shiga Kyamara

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, sau da yawa nakan ji ana cewa lissafin da muke fama da shi a aji ba shi da wani amfani a duniya. Saboda haka na ga ya kyautu in kawo muku tarihin wani mutumin Faransa, Jozef Furiye, wanda lissafinsa yake aiki a cikin kyamarorin ɗaukar fim har gobe.

An haife shi a garin Auxerre a shekarar 1768. Ubansa tela ne, kuma yana wajen shekara 10 ya rasa uwa da uba. Ana ba da labarin cewa a makaranta yakan tsinci guntayen kyandir da rana don ya yi lissafi da dare. Ya so shiga soja, sashen igwa, aka hana shi domin shi ɗan talaka ne. A lokacin juyin juya halin Faransa an ɗaure shi a 1794, da ƙyar ya tsira da ransa. A 1798 ya bi Nafoliyon zuwa Masar cikin ayarin masana, ya zama sakataren cibiyar ilmi da aka kafa a Alƙahira. A 1802 aka naɗa shi gwamnan lardin Isère, yana zaune a Grenoble.

A can ne, duk da aikin mulki, ya duƙufa kan binciken yadda zafi yake tafiya a cikin ƙarfe. Ya gano cewa layi, kome karkacewarsa, ana iya rarraba shi zuwa igiyoyi masu sauƙi, manya da ƙanana, kamar na saman kogi. In aka sāke tara su, sai layin ya dawo. Ya gabatar da wannan a 1807, amma manyan malamai irin su Lagrange ba su gamsu ba, aka ƙi bugawa. Bai karaya ba. Sai a 1822, bayan shekara 15, littafinsa a kan zafi ya fito. Ya rasu a birnin Faris a 1830, tun hoto mai motsi bai zo duniya ba.

To, ina ruwan kyamara da wannan? Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne. Hoto guda mai faɗin 1920 da tsawon 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma kyamara tana ɗaukar irinsa 25 a daƙiƙa. Kowane ɗigo ana rubuta shi da lambobi, ana kuwa auna yawan rubutun da bit. In ba a matse shi ba, kyamarar ƙwararru za ta zubo megabit wajen 1,000 a daƙiƙa, watau fiye da gigabait 450 a awa guda. Wane katin ajiya ne zai daɗe bai cika ba?

A 1974 Nasir Ahmed, ɗan ƙasar Indiya mai koyarwa a Amurka, shi da abokan aikinsa biyu, suka buga wata dabara da ta tsiro daga tunanin Furiye. Ana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai, galibi ɗigo 8 sau 8, a rarraba kowanne zuwa igiyoyi. Manyan igiyoyi su ne ke ɗauke da siffa da haske. Ƙanana kuwa suna ɗauke da ƙananan abubuwa, kamar saƙar zare a riga, waɗanda ido bai cika lura da su ba. Sai a adana manyan sosai, a rage ƙananan. Tsarin da ke wannan matsi shi ake kira kodek.

Ga inda ciniki yake. Kodek ɗin ProRes, wanda kamfanin Apple ya fitar a 2007, yana da hawa-hawa. Mai inganci, 422 HQ, yana cin megabit wajen 184 a daƙiƙa a irin wancan hoto, watau gigabait 83 a awa. Mafi ƙanƙanta, Proxy, yana cin wajen 38, gigabait 17 ke nan. Wanda ya matse da yawa ya sami wuri a katinsa, amma ganyen itace da yayyafi sai su dagule, in kuma aka zo gyaran launi murabba'an nan su fito fili. Abin da aka zubar kuwa ya tafi ke nan. Wanda ya ƙi matsewa, kuɗin ajiya zai cinye shi. Dole mai kyamara ya auna aikinsa tun kafin ya fara ɗauka.

Abin da na fi so mu lura da shi shi ne, Furiye zafin ƙarfe yake bincike, bai san inda ilminsa zai kai ba. Don haka, 'yan'uwa, kada mu raina darasin da ba mu ga amfaninsa yau ba. Iyayenmu kuma ku yi haƙuri da yaron da ya nace wa lissafi. Nan zan tsaya.