Marigayi Linus Pauling, Mutumin Da Ya Auna Ƙarfin Ƙwayoyin Zarra

An haifi Linus Pauling a birnin Portland na ƙasar Amurka a shekarar 1901. Mahaifinsa, mai sayar da magunguna, ya rasu yaron yana ɗan shekara 9, ya bar iyali cikin ƙunci. Da aikin ƙwadago ya riƙa tallafa wa karatunsa, har ya zama malamin kimiyyar sinadarai a Kalifoniya.

A lokacin, masana sun kasa haɗuwar ƙwayoyin zarra gida biyu. Akwai haɗin ƙwace, kamar na gishirin miyarmu, inda kulorin ke karɓe ɗan ƙwayar lantarkin da ake kira ilaktaron daga wurin sodiyam. Akwai kuma haɗin tarayya, inda ƙwayoyi biyu ke riƙe ilaktaron tare, kamar 'yan'uwa masu ci a kwano ɗaya.

Pauling ya nuna cewa galibin haɗe-haɗe suna tsakani ne. A 1932 ya fito da ma'aunin da ke ba kowane sinadari lamba gwargwadon ƙarfinsa na jan ilaktaron: fulorin 4.0, oksijin 3.5, haidirojin 2.1, sodiyam 0.9. Idan tazarar lambobin ta kai wajen 1.7, to, haɗin rabi tarayya ne, rabi ƙwace. Dubi ruwa. Oksijin da haidirojin suna ci tare, amma oksijin ya fi jawo kwanon gabansa, sai gefensa ya ɗauki cajin lantarki sabanin na ɗayan gefen. Shi ya sa ruwa ke narkar da gishiri. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1954.

Iyalan da ke jinyar mai sikila su ma sun san amfaninsa. A 1949 shi da abokan aikinsa suka gano cewa tushen cutar yana cikin sinadarin himogulobin na jini, wanda cajinsa ya bambanta da na mai lafiya.

Bai tsaya a ɗakin bincike ba. Shi da matarsa Ava Helen sun yi adawa da gwajin bam na nukiliya, aka zarge shi da kwaminisanci, a 1952 ma gwamnatin Amurka ta hana shi fasfo. A 1958 ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar koke mai sa hannun masana fiye da 9,000. Aka ba shi Nobel ta zaman lafiya ta 1962.

A tsufansa ya nace cewa shan bitamin C da yawa na maganin kansa. Nan kam gwajin likitoci bai gaskata shi ba. Ya rasu a Kalifoniya a 1994, yana da shekara 93.