Ibn Khaldun: Marayan Annoba Da Ya Ƙi Yarda Da Ji-Ta-Ji-Ta

A shekarar 2022 mujallar Nature ta buga wani bincike da ya sa na sake ɗauko Muƙaddima daga kanta. Masana ƙwayoyin halitta ne suka haɗu da masanin tarihi, suka ciro burbushin DNA daga haƙoran mutanen da aka binne a 1338 da 1339 kusa da tafkin Issyk-Kul a ƙasar Kirgistan, suka tace shi da kwamfuta, suka gano kakar ƙwayar cutar da ta haddasa babbar annobar ƙarni na 14. Annobar nan ce ta isa Tunis a 1348, ta kashe iyayen wani matashi da malamansa da dama. Matashin shi ne Abdurrahman Ibn Khaldun.

An haife shi a Tunis a 1332, cikin gidan da ya yi hijira daga Ishbiliya ta Andalus. Ƙuruciyarsa a fada ta ƙare. Ya yi wa Sarki Abu Inan aikin rubutu a Fas, ya sha ɗaurin kusan shekara biyu, a 1364 kuma Sarkin Garnada ya tura shi jakadanci wurin Sarki Pedro. Ba zan wanke shi ba: mutum ne da ya sha sauya ubangida. Sai da siyasa ta ishe shi ya keɓe a Ƙal'at Ibn Salama, cikin Aljeriya ta yau, inda a 1377 ya rubuta Muƙaddima cikin wata biyar.

Abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne bai tsaya ga amincin mai ruwaya ba, yakan auna labarin da abin da zai yiwu. Da Mas'udi ya kai mayaƙan Bani Isra'ila 600,000, sai ya duba faɗin ƙasar da tazarar zuriya tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, ya ga lissafin bai fita ba. Wannan awo ya tilasta masa shiga kowane fage. Ya duba yadda yanayi da abinci suke sarrafa ɗabi'ar jama'a. Ya lura daula takan fara da haraji kaɗan da kuɗin shiga mai yawa, ta tsufa da akasin haka, kuma sarkin da ya shiga kasuwanci yakan durƙusar da 'yan kasuwa, baitulmali ya biyo bayansu. Mu masu nazarin harshe ma bai bar mu ba, domin a wurinsa harshe sabo ne da ake samu ta ji da maimaitawa, haddar nahawu daban. A kan annoba kuwa ya kuskure, don gurɓatar iskar birane ya ɗora wa laifi. Sai a 1894 aka gano ƙwayar cutar a Hong Kong.

Ya mai karatu, a jami'o'inmu da wuya a bar irinsa ya kammala digiri. Na taɓa zama a kwamitin da ya mayar da takardar wani ɗalibi saboda ya haɗa sunayen garuruwa da tarihin fari; aka ce ya zaɓi sashe ɗaya. Na yi shiru ranar, har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A 1382 ya koma Masar, ya koyar a Azhar, aka naɗa shi babban alƙalin Malikiyya har sau shida, ana tuɓe shi ana mayarwa. Iyalinsa suka nutse a teku daura da Iskandariyya suna hanyar iske shi. A babban littafinsa na tarihi ya jera sarakunan Mali, har da Mansa Musa, jerin da masana ke dogaro da shi har yau. A 1401, yana dab da shekara 70, aka zuro shi da igiya daga ganuwar Dimashƙa don ya gana da Timur, wanda ya sa shi rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib. Ya rasu a Alƙahira a 1406, yana kan kujerar alƙalanci.