Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Kafa Baitulmali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan aka ambaci Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne hajjinsa na 1921, da dawakinsa, da zuwansa Ingila. Mu kuwa abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa domin 'yan'uwa na Nima da Maamobi da sauran zangunan Ankara wani abu ne da maroƙa ba su cika yi wa kirari ba, wato littafin kuɗi da rasit da albashin wata. A ƙasarsa aka fara raba aljihun sarki da asusun jama'a a Arewacin Najeriya ta zamanin Turawa. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko ya bi sawun wata takarda a ofishin asambili ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

An haife shi a 1865. Mahaifinsa Gidado shi ne Durɓin Katsina, daga Fulani Sulluɓawa. Durɓi yana cikin manyan da ke zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yandaka, amma gadon sarautar kansa yana gidan Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Saboda haka Dikko ya taso a matsayin mai naɗa sarki, babu wanda ya lissafa shi cikin masu jiran gado. Ya hau sarautar Durɓi da ƙuruciyarsa, a zamanin da Katsina ke fama da hare-haren Maraɗi, lokacin da ake auna basarake da dokinsa da mashinsa.

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, sannan Lugga ya nufo Katsina. Sarki Abubakar bai yi yaƙi ba. Hidimar baƙin, wato abincinsu da harawar dawaki da ma'aikatan ginin bariki, ta faɗo a wuyan Durɓi, kuma ya yi ta yadda Turawa suka riƙe sunansa. Ba a daɗe ba suka tuɓe Abubakar suka naɗa Yero, shi ma ɗan gidan Dallaje. Bayan rikicin Satiru na 1906, wanda ya sa Turawa suka shiga zargin duk sarkin da ba su ga ya fito fili ya goya musu baya ba, sai suka tuɓe Yero. Wani matashin jami'i mai suna Richmond Palmer ya tsaya kai da fata a ba Dikko, aka ba shi a ƙarshen shekarar.

Ba za mu yi wa wannan kwaskwarima ba. Sarautar ta zo masa ta hannun Nasara, ba ta hanyar da aka saba ba, inda masu zaɓe ke zaɓe a nemi yardar Sarkin Musulmi, kuma an raba wani gida da abin da ya riƙe shekara ɗari. Malaman wancan zamani kansu sun rabu kan zama ƙarƙashin Turawa. Wasu sun ga hijira ce wajibi, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas har aka kashe shi a Burmi a watan Yulin 1903. Wasu, irin su Wazirin Sakkwato Buhari, sun ga idan shugabanni duka suka tafi, an bar talakawa ba mai tsaya musu, har Waziri ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa. Dikko yana cikin waɗanda suka zauna, kuma ya ci moriyar zaman fiye da kowa. Abin da ya rage a tambaya shi ne me ya yi da abin da ya samu.

Kafin a gane girman Baitulmali sai an san yadda kuɗi ke tafiya kafinsa. Hakimai suna zaune a birni kusa da fada, garuruwansu kuwa a warwatse, wani a gabas wani a yamma. Tsakanin hakimi da talaka akwai jakada. Shi ke zuwa ya karɓo kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi da na rafi, a cikin wuri ko hatsi ko tufa. Dagaci ya ɗebi nasa, jakada ya ɗebi nasa, hakimi ya ɗebi nasa, abin da ya saura ya isa fada. A fada kuma babu iyaka tsakanin abin da sarki zai ciyar da baƙi da sojoji da malamai da abin da zai kashe wa gidansa. Alƙali yana rayuwa da ushirar shari'a da ta rabon gado. Mai neman sarauta ko biyan wata buƙata yana zuwa da gaisuwa a hannu. Sarkin kirki yana iya yin adalci a cikin wannan tsari, kuma an yi su, amma babu takardar da za ta kama wanda ba na kirki ba.

Ɗalibai su lura cewa ba Turawa ne suka fara ganin aibin wannan ba. Shehu Usmanu a cikin Kitabul Farƙ ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunayensu cikin al'adun mulkin da ya soka. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano domin ya nuna wa masu mulki hanyoyin da dukiya ke shiga baitulmali da halal da inda ake kashe ta. Tun kafin su, Shaihu Magili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a rubuce kan haka. Sai dai abin da aka kora ta ƙofa a farkon jihadi ya dawo ta taga bayan an kwana biyu.

Abin da aka yi a Katsina a shekarun farko na sarautar Dikko shi ne aka tara rabon hukumar gargajiya na haraji wuri guda, aka sa masa suna Baitulmali, aka ɗora Ma'aji a kansa da malamai masu rubutu. Sarki ya koma ɗan albashi. Hakimai da alƙalai da dogarai su ma aka yanka musu nasu. Hakimai aka fitar da su daga birni, kowa ya koma ya zauna a gundumar da aka shata masa, Durɓi a Mani, Ƙaura a Rimi, Galadima a Malumfashi, 'Yandaka a Dutsin-ma. Aikin jakada ya mutu. Aka riƙa ƙidayar masu biyan haraji, dagaci ya karɓa ya ba da rasit, hakimi ya kawo birni a ƙirga a gaban Ma'aji. Kuɗin tara da na kotu suka daina zama na alƙali, suka zama na asusu. Kowace shekara a zauna a tsara abin da ake sa ran zai shigo da abin da za a kashe, a kai wa Razdan ya duba, Gwamna ya sa hannu. Abin da ba ya cikin wannan ƙiyasi, ko sarki ne ya so shi, sai ya jira. Zuwa 1911 an shimfiɗa irin wannan asusu a sauran manyan masarautun Arewa.

Littattafan Turawa Palmer suke ba lambar yabon, kuma gaskiya ne shi ya kawo shawarar, daga baya ma ya zama Laftanan Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930. Amma a ganinmu shawara ita ce ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a sami sarkin da zai yarda a rubuta abin da yake ci a takarda, wani akawu ya riƙa dubawa, sannan ya tilasta wa manyan da suka girme shi a gidan sarauta su bar birni su koma ƙauye. Wataƙila rashin tsohon tushe a gadon ne ya sauƙaƙa masa, domin ba shi da tsofaffin bayin fada da zai ji tsoron ɓata musu. Ko ma mene ne dalilin, ya riƙe tsarin kusan shekara 38.

Asalin wannan yana cikin addininmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu a gefe da sunan kyauta ce aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa a kai, yana nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa babu mai kawo masa kyautar. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani aka rubuta sunayen masu haƙƙi da abin da kowa ke karɓa, kuma yakan lissafa dukiyar gwamna kafin ya tura shi aiki. Don haka muna mamakin ɗan'uwan da ake ce wa ya kawo rasit na simintin masallaci sai ya ɗauka an zarge shi da sata. An nemi lissafi daga waɗanda suka fi shi.

Amma littafi mai tsabta ba ya halatta abin da aka rubuta a cikinsa, kuma nan ne tarihin ke da ɗaci. Rabin harajin a farko yana tafiya ne ga gwamnatin Turawa. Jangalin da Shehu ya soka shi ne ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan asusun. An daina karɓar wuri da hatsi, sai kuɗin Ingila, wanda ya tilasta wa manomi ya sayar da dawarsa da kaka tana araha, ko ya koma noman gyaɗa da auduga bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da yunwar 1913 zuwa 1914 ta faɗa wa arewacin ƙasar Hausa, mutane suka mutu da yawa, tsarin da ya ƙware wajen ƙirga kawuna domin karɓa bai nuna irin wannan ƙwarewa wajen ciyarwa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya jinkirta karɓar zakka a shekarar Ramada har sai da ruwa ya sauka. Sarkin da Razdan ke duba littafinsa ba shi da wannan iko shi kaɗai. Rarar kuɗin asusun kuma a Ingila ake ajiye ta, kuma daga asusun masarautu aka ba Turawa gudummawar yaƙin 1914. Talaka yana da rasit a hannu, amma ba shi da kujera a inda ake yanke shawara. Wannan giɓi ne ya sa a 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin gyaran mulkin En'e a majalisar Kaduna, a shekarar da aka kafa NEPU a Kano.

Da rabon da ya rage a gida aka yi hanyoyin mota da rijiyoyi da asibiti da makarantu. A Katsina aka kafa kwalejin horon malamai wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mai da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Wajen 1930 ya yarda aka buɗe ajin 'ya'ya mata, ya fara da na gidansa, a lokacin da yawancin iyaye ke ɓoye 'ya'yansu maza ma. Ya kuma cusa 'ya'yansa cikin ayyukan hukuma, ɗansa Usman Nagoggo ya riƙe 'yan doka sannan ya zama Magajin Gari. Masu yabo suna kiran wannan horo, waɗanda aka tsallake kuwa suna da wani sunan da suke kiransa.

Hajjinsa na 1921 ta teku ya yi shi, daga Ikko zuwa Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar, sannan Jidda, a zamanin da Makka ke hannun Sharif Husaini. Ana lissafa shi sarki na farko a Arewa da ya sauke farali yana kan gado ya dawo ya tarar da gadonsa. Kafin nan sarkin da ya nufi gabas ba a sa ran dawowarsa. Ya iya barin ƙasa wata da watanni ne saboda albashi na fita kuma kotu na zama ko yana nan ko ba ya nan.

Tsarin bai tsaya a Najeriya ba. A shekarun 1930 Turawa suka kwaikwayo shi a arewacin ƙasarmu, aka kafa asusun masarautu a ƙasar Dagomba da maƙwabtanta, aka fara harajin kai a 1936. Zangunan Ankara ba su sami ko wannan ba. Nima ta daɗe a wajen iyakar hukumar birni, ta cika da jama'a ba tare da an shata mata titi ko magudanar ruwa ba, kuma har yau muna biyan bashin wannan duk damina. Sai a 2018 aka ba Nima da Maamobi asambilinsu, Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, kuma tsarin mulkin 1992 ya wajabta a ware wa asambilolin ƙasa abin da bai gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati ba. Abin da talakan Katsina bai samu ba a zamanin Dikko, wato damar zama a ji yadda za a kashe kuɗin, doka ta ba mu shi, ga wakilai da muke zaɓa unguwa-unguwa. Mu nawa ne muka taɓa neman ganin kasafin shekara?

Akwai wata 'yar alaƙa kuma da dattawanmu za su so. A lokacin yaƙin duniya na biyu, muryar da ke karanta labarai da Hausa daga gidan rediyon Ankara ta Isa Kaita ce, ɗan Waziri Haruna na fadar Dikko, shi da Bello Ɗandago na Kano.

Sarki Dikko ya rasu a 1944. Ɗansa Usman Nagoggo ya gaje shi har 1981, sannan jikansa Muhammadu Kabir Usman har 2008, kuma sarautar tana gidan har yanzu. Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, ya rubuta tarihinsa da Hausa. Baitulmalin da aka fara a zamaninsa ya ci gaba da aiki a hannun En'e har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da asusun hannun kansiloli. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, da mu baki ɗaya.