Tarihin Harry Hopman, Babban Malamin Wasan Tanis

A wannan fili mun saba kawo wa masu karatu tarihin sarakuna da malamai da shugabannin ƙasashe. Yau kuwa labarin wani ɗan wasa za mu bayar, mutumin ƙasar Ostareliya, sunansa Harry Hopman, wanda ya mutu tun cikin 1985. Wataƙila wani ya ce ina gamin malamin makaranta ko akawun ofis da wasan ƙwallon Turawa. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Shi wannan mutum sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe na neman zama zakaran ƙasarsa, sau ukun nan duka ana ka da shi, amma yaran da ya koyar suka riƙe wasan tanis na duniya kusan shekara 20. Irin wannan labari ai na malamai ne.

Waɗanda suka taɓa kallon gasar Dala a Kano, ko suka leƙa kulob a Kaduna ko Zariya, sun san yadda a ke wasan. Don amfanin sauran jama'a, fili ne mai tsawon ƙafa 78, an ɗaura raga a tsakiyarsa, ana buga wata 'yar ƙaramar ƙwallo ta tsallaka ragar da wani abin bugu da a ke kira raket. Wasan iri biyu ne. Akwai na ɗai-ɗai, mutum da mutum, a fili mai faɗin ƙafa 27. Akwai kuma na biyu-biyu, inda a kan ƙara faɗin ya kai ƙafa 36. A na ɗai-ɗai mutum kansa kaɗai ya ke lura da shi. A na biyu-biyu kuwa tilas ya san halin abokinsa, ya san inda ya ke da ƙarfi da inda ya ke da rauni, ya toshe masa kafar da ya bari, in ya ɓata bugu ya ƙarfafa masa zuciya. A nan ne Hopman ya gwanance, a nan kuma ya koyi karantar mutane.

An haife shi ran 12 ga Agusta, 1906, a wata unguwa ta birnin Sidni da a ke kira Glebe. Ubansa malamin makaranta ne, har ya zama hedimasta. Yaron ya soma tanis yana ɗan shekara 13, gasar da ya fara ci kuwa a harabar makarantar ubansa a ka yi ta, ya buga ta ba ko takalmi a ƙafarsa. Ba shi da tsawo ko ƙirar ƙarfi irin ta manyan 'yan wasa, saboda haka ya dogara ga sauri da jimiri da tare ƙwallo kusa da raga kafin ta taɓa ƙasa.

Cikin 1929 da 1930 shi da abokinsa Jack Crawford suka ci gasar biyu-biyu ta Ostareliya. A ta ɗai-ɗai ya kai wasan ƙarshe cikin 1930 da 1931 da 1932. Na farkon Edgar Moon ya ka da shi, sauran biyun kuwa abokin nan nasa Crawford ne ya hana shi. Akwai kuma biyu-biyu na namiji da mace. A wannan ya haɗu da wata gwana mai suna Nell Hall, suka ci gasar ƙasarsu cikin 1930, suka yi aure cikin 1934, suka sake ci suna miji da mata cikin 1936 da 1937 da 1939. Cikin 1939 ɗin nan ya ci irin wannan gasa a Amurka tare da Alice Marble. Duk manyan kofunan da ya ɗauka da hannunsa, ba ko ɗaya da ya ɗauka shi kaɗai. Abincinsa kuwa daga aikin jarida ya ke samu, gama tun 1933 yana rubuta labarin wasanni a jaridar Herald ta birnin Melbon.

Babbar gasar ƙasashe ita ce Kofin Davis, wadda a ka fara cikin 1900. A wancan zamani ƙasa biyu kan kara wasa biyar cikin kwana uku: ɗai-ɗai biyu ran farko, biyu-biyu guda rana ta biyu, ɗai-ɗai biyu rana ta uku. Wadda ta ci uku ta yi nasara. Cikin 1938 a ka naɗa Hopman madugun 'yan wasan Ostareliya, suka kai ƙarshe, Amurka ta ka da su. Shekara na zagayowa suka sake haɗuwa kusa da birnin Filadelfiya, a farkon watan Satumba, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi. Ran farko Amurka ta cinye wasa biyun duka, saura ɗaya ta riƙe kofi. Kashegari Adrian Quist da John Bromwich suka fito biyu-biyu, suka ka da Joe Hunt da wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Jack Kramer. Daga nan ruwa ya juya. Quist ya ka da Bobby Riggs, Bromwich ya ka da Frank Parker, Ostareliya ta tafi da kofi da ci 3 da 2. Ba a taɓa ganin ƙasar da a ka ci biyu ba ko ɗaya ta farfaɗo haka a wasan ƙarshe ba. Masu karatu su riƙe sunan Kramer, za mu sake gamuwa da shi.

Bayan yaƙi a ka ba waɗansu maduganci, Amurka ta ka da Ostareliya shekara huɗu a jere, daga 1946 zuwa 1949. Cikin 1950 a ka komo wurin Hopman. Ya zo da samari biyu, Frank Sedgman da Ken McGregor, suka je har Amurka suka ƙwato kofin. Cikin 1951 su biyun nan suka cinye manyan gasannin biyu-biyu na duniya duka huɗu, watau na Ostareliya da Faransa da Ingila da Amurka. Daga 1950 zuwa 1967, shekara 18 ke nan, Ostareliya ta ci Kofin Davis sau 15. Sau uku kaɗai ya kuɓuce mata, cikin 1954 da 1958 da 1963. In an haɗa da na 1939 ya zama 16 a hannun mutum guda. A tuna kuma cikin 1950 mutanen Ostareliya wajen miliyan 8 ne, na Amurka kuwa wajen miliyan 150.

Hanyarsa ba wata ɓoyayyiya ba ce. Yawancin yaran sun koyi riƙon raket wurin malamansu na gida kafin su zo hannunsa, shi kuwa ya kan ɗora musu abu uku. Na farko ƙarfin jiki: gudu, da tsallen igiya, da ɗaga ƙarfe, a zamanin da 'yan tanis da yawa ba su kula da wannan ba. Ya kan tsai da mutum biyu kusa da raga su yi ta jefa wa mutum guda ƙwallo dama da hagu har numfashinsa ya ƙare, don ran gasa in wasa ya yi tsawo abokin karawa ya riga shi gajiya. Na biyu ladabi. Akwai lokacin barci, akwai kuma 'yar tara da ya kan ci wanda ya makara, ko ya yi ashar, ko ya yi rashin ɗa'a wurin cin abinci, domin a ganinsa yaron da ya fita waje sunan ƙasarsa ya ɗauka. Na uku zumunci. Yaran kan yi watanni suna tafiya tare, babba na gwada wa ƙarami, kowa kuma sai ya iya biyu-biyu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada a zaci tsanani kaɗai ya iya. Cikin Disamba 1953 Amurka ta zo Melbon neman kofi, masu tsaron gida kuwa yara biyu ne 'yan shekara 19, Lew Hoad da Ken Rosewall, waɗanda suka ci biyu-biyu na Wimbledon tare a shekaran nan. Masu zaɓen 'yan wasa suka raba su, suka haɗa Hoad da Rex Hartwig, a ka ka da su, Amurka ta wuce gaba da 2 da 1. Rana ta uku Hoad ya kara da Tony Trabert ana yayyafi. Wasa ya kai zagaye na biyar, yaron ya zame ya faɗi, jama'a suka yi tsit. Hopman ya jefa masa tawul a ka, ya yi masa ba'a, yaron ya tashi yana murmushi, hankalinsa ya komo, ya ci wasan. Kashegari Rosewall ya ka da Vic Seixas, kofi ya zauna gida. Malamin ƙwarai ya san ranar tsawa, ya san ranar wasa.

Babbar wahalarsa daga wajen kuɗi ta fito. A lokacin an raba 'yan tanis kashi biyu. Akwai masu wasan sha'awa, waɗanda doka ta hana su karɓar lada a fili, su kaɗai kuma a ke bari su shiga Wimbledon da Kofin Davis. Akwai masu wasan sana'a, waɗanda a ke biya suna yawo gari gari. Shugaban waɗannan na biyu kuwa Jack Kramer ne, saurayin nan na 1939. Duk yaron da Hopman ya gama gyarawa, sai Kramer ya zo da takardar kuɗi ya ɗauke. A ƙarshen 1951 Hopman ya yi amfani da filinsa na jarida a ka tara wa Sedgman gudummawar aure don ya zauna, ya kuwa ƙara shekara guda, sa'an nan shi da McGregor suka tafi a farkon 1953. Rosewall da Hoad suka tafi cikin 1957, Ashley Cooper da Mal Anderson suka bi su. Rod Laver ma, bayan ya cinye manyan gasanni huɗu cikin 1962, ya bi wannan hanya. Kowane lokaci mutane su ce ta ƙare, kowane lokaci Hopman ya fito da sabon aji: Neale Fraser, Roy Emerson, Fred Stolle, John Newcombe, Tony Roche.

Mutum tara ya ke, bai cika goma ba. An zarge shi da ɗaukar manyan mutane kamar 'yan firamare, da kuma juya wa waɗanda suka koma sana'a baya, alhali samari ne masu neman abin riƙe iyali. Mu a ganinmu wannan zargi na biyu yana da ƙamshin gaskiya, zamani kuma ya nuna haka. Cikin 1968 a ka buɗe manyan gasanni ga kowa, mai sana'a da mai sha'awa. A shekaran nan matarsa Nell ta mutu, Amurka kuma ta karɓe kofi. Cikin 1969 ya ajiye maduganci ya ƙaura Amurka, ya zama malamin tanis mai karɓar albashi, watau ya shiga sana'ar da ya daɗe yana yaƙa.

Ya koyar a wata makarantar tanis a Port Washington, kusa da birnin Niyu Yok. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Vitas Gerulaitis da John McEnroe, wanda daga baya ya ci ɗai-ɗai na Wimbledon sau 3, biyu-biyu sau 5. Daga nan ya koma jihar Fulorida ya buɗe makarantar kansa. A can ya mutu da ciwon zuciya ran 27 ga Disamba, 1985, yana da shekara 79. Bayan shekara 3 a ka kafa gasa da sunansa a birnin Perth, kowace ƙasa ta aiko namiji guda da mace guda, su yi ɗai-ɗai, su kuma haɗu biyu-biyu, irin wasan da ya yi da Nell.

Malamin da ke koyarwa a Dandamisa, ko wani ƙauye na ƙasar Ikara ko Maƙarfi ko Kudan, ya san zafin da Hopman ya sha. Ya yi shekaru yana fama da yaro, da zarar ya soma jin daɗinsa sai yaro ya wuce Zariya ko Kaduna, wani ma ba ya waiwayowa. Haka babban akawu ke koya wa ƙarami aiki, ran da ya ƙware a ɗauke shi. Manoman rake na wannan yanki sun san maganin abin. Mai kauri a kan sare a loda a mota ya tafi kasuwa, manomi kuwa ya ware iri ya koma fadama. Hopman ya yi haka shekara da shekaru. Inda ya yi kuskure shi ne fushi da waɗanda suka tafi. Muna fata malamanmu su ɗauki naci da ladabi irin nasa, su bar masa fushin, su sallami almajiransu da fatan alheri, su juyo ga ajin da ke zaune gabansu.