Amina 'Yar Bakwa Turunku: Abin Da Malamai Suka Rubuta Da Abin Da Baki Ya Ƙara

Duk ranar da aka ɗaura aure ko aka raɗa suna a nan Kausani ta ƙasar Wudil, ba a watsewa sai an raba goro. Mun saba da shi har mun manta cewa baƙo ne, daga kurmi fatake suke kawo mana shi. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jingina farkon shigowarsa ƙasar Hausa ga mace guda, wato Amina ta Zazzau. Ya ambata cewa Sarkin Nufe ya aika mata da gaisuwar babanni 40 da goro 10,000, kuma a zamaninta ne hajojin yamma suka fara kwararowa ƙasar Hausa.

Amina 'yar Bakwa Turunku ce. Garin Turunku yana kudu da Zariya, a cikin Jihar Kaduna ta yanzu, kuma can ne mazaunin sarautar Zazzau kafin a koma birnin da ake cewa ya ci sunan ƙanwarta, Zariya. Sunanta na Musulmi ne, sunan mahaifiyar Manzon Allah (SAW), a zamanin da Musulunci ya shiga fadojin Hausa amma bai gama ratsa karkara ba. Zazzau ita ce ƙarshen ƙasar Hausa ta kudu. Bayanta sai duwatsu da dazuzzuka da manyan koguna, sai Gwarawa da Nufawa da Kwararrafa. A wannan bakin iyaka ta tashi, kuma a nan ta yi suna.

Masu tarihi sun saɓa game da zamaninta. Tarihin Kano ya sa ta a lokacin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Ruwayar da ta fi yawo a littattafan makaranta kuwa ta ce ta yi wa ɗan'uwanta Karama jagorancin mayaƙa, ta gaje shi a 1576, ta rasu wajen 1610. Tazarar ta kai kusan shekara 150. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne jerin sunayen sarakunan Zazzau ya kawo Bakwa da Karama, amma bai kawo Amina ba. Saboda haka wasu suke ganin gimbiya ce mai riƙe da rundunar yaƙi, wadda ƙarfinta ya rufe na mai gadon sarauta. A kan tsawon yaƙe-yaƙenta dai an haɗu: shekara 34.

Shaidar da ta fi nauyi a wurinmu ita ce ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Ya kamata mu lura da lokacin. Shekara huɗu ke nan da Malam Musa ya shiga Zariya da tutar Shehu, Sarki Makau ya fice ya nufi Zuba. Bello ba shi da wata bukata ta kambama gidan sarautar da jama'arsa suka kawar. Duk da haka ya rubuta cewa Amina ta yaƙi ƙasashen nan ta rinjaye su, har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji, ta kuma kutsa garuruwan kudu har ta kai ga babban ruwa. Mu Kanawa wannan magana ba ta yi mana daɗi, amma malami ne ya faɗe ta, kuma littafin tarihinmu bai ɓoye ƙarfinta ba, ya ce ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe. Idan lissafin Tarihin Kano ne daidai, to ramuwa ce ta zo da wuri, domin mahaifin Dauda, Sarki Kanajeji, wanda ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, shi ne ya kai yaƙi Zazzau har ya kashe sarkinta.

Daga nan sai baki ya karɓa. An ce tana ƙarama aka same ta riƙe da wuƙa irin riƙon mayaƙa. An ce duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi da ganuwa, shi ya sa har gobe tsohuwar ganuwar da aka manta wanda ya gina ta ake kiranta ganuwar Amina. Wannan ba laifi ba ne, haka jama'a suke yi wa gwarzonsu, su tattara aikin mutane da yawa su ɗora wa suna guda. Amma akwai ƙarin da bai kamata mu haɗiye ba, wato cewa ta ƙi aure, kuma kowane gari ta ci sai ta zaɓi namiji ya kwana da ita, da safe ta sa a kashe shi. Babu wannan a abin da Bello ya rubuta, babu shi a Tarihin Kano. Mu da aka koya mana tambayar isnadi kafin karɓar ruwaya, aka kuma tsoratar da mu game da jifan mace da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba, ba mu ga dalilin sassauta wannan ƙa'ida don wadda ake magana a kanta ta daɗe a kabari ba. Muna zaton tatsuniyar ta fito ne daga mazajen da suka kasa gane yadda mace za ta ja runduna ba tare da wani mugun sirri ba.

Yau sunanta yana kan kwalejin 'yan mata ta Queen Amina a Kaduna, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an kuma yi fim a kanta a 2021. Ita kuwa ba ta rasu a Turunku ko Zariya ba. Bello ya ce ajali ya riske ta a Atagara, wurin da ake dangantawa da yankin Idah na Jihar Kogi ta yanzu, kusa da kogin Kwara, tafiyar makonni daga gidan da aka haife ta.