Malam Muhammadu Al-Katsinawi: Masanin Lissafin Da Aka Binne A Alƙahira

Duk wanda ya taɓa sauka Dubai don sarin kaya ya san Al Sabkha, unguwar nan ta Deira da ke kusa da kasuwar Naif da kasuwar gwal, inda mutanenmu na Kano da Katsina da Maraɗi kan yi kiciɓis da juna a shagunan wayoyi da kayan lantarki. Daga nan ake ɗauro wayoyin hannu da kwamfutoci da na'urorin wasan yara irin su PlayStation. Ɗan kasuwa yana tsaye bakin shago zai danna lambar sirrinsa a waya ya tura kuɗi, hankalinsa kwance cewa ɓarawon intanet ba zai karanta abin da ya aika ba. Wasan da yaro yake bugawa da makullin da ke tsare kuɗin ubansa duk suna amfani da wani salon ƙirga, kuma akwai Bakatsinen da ya yi aiki da irin wannan ƙirga a littafinsa kusan shekara 300 da suka wuce. Shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, wanda Larabawa ke kira Al-Kashnawi.

Shi dai Malam Muhammadu Bafillace ne, kuma ana jingina shi ga Ɗan Ranko ta ƙasar Katsina. Ya tashi a lokacin da Katsina take tashen ciniki da karatu, ayari na shigowa daga hamada da tufafi da takarda da littattafai, sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani kuma bai daɗe da cika gari ba. Mafi yawan abin da aka sani game da karatunsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman Al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, wanda ya sanya shi cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Dalilin da ya sa Bamasare ya san Bakatsine ciki da bai, za mu zo kansa nan gaba.

Al-Jabarti ya lissafa malamansa. Akwai Shaihu Muhammadu Al-Wali na Bagarmi, malamin tauhidin nan da ya yi sharhin aƙidar Sanusi, ya kuma yi rubutu yana yaƙar shan taba. Akwai Shaihu Hashimu. Akwai Shaihu Muhammadu Fudu, wanda ya zauna da shi wajen shekara huɗu yana karanta adabi da nahawu da sarfu, har malamin ya riƙa kiransa Sibawaihi saboda ƙwarewarsa. Kafin wannan laƙabi ma an san shi da mai Maƙama, domin ya haddace Maƙamar yana kawo kalmominta a ka. Duk wanda ya zauna a zaure ya san wahalar wannan littafi, ko karanta shi da ƙamus a gefe aiki ne, balle hadda.

Amma wanda ya juya akalar rayuwarsa shi ne Shaihu Muhammadu Bindu. A wurinsa ya ɗauki ilimin haruffa da aufaƙi, wato abin da muke kira hatimi, da hisabi da sanin lokuta bisa tsarin malaman Magariba, ban da usulu da mantiƙi da hadisi da fiƙihun Malikiyya. Abin lura a nan shi ne, duk wannan karatu a ƙasashenmu ya yi shi. Bai je Masar almajiri ba, malami ya isa can.

Daga nan sai ya ɗauki hanyar gabas, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi kafin shi da bayansa, waɗanda jikokin wasunsu ke zaune har yau a Sudan da Makka da Madina. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakuna da malamai, yana tsayawa inda ya ga akwai abin ɗauka. Ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 bayan Hijira, wato wajen 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa Ad-Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi na Fakhruddin Ar-Razi. A Masar ya kammala shi a 1146, wato tsakanin 1733 da 1734. Yana da Bulugul Arab a fannin nahawu, yana da waƙe a mantiƙi mai suna Minahul Ƙuddus wanda shi da kansa ya yi masa sharhi. Sai kuma Bahjatul Afaƙ, kan haruffa da aufaƙi, kuma shi ne ya sa masana lissafi na duniya suke ambatonsa yau.

To, mene ne hatimi idan aka tuɓe masa rigar tsibbu? Akwati ne mai gidaje, a zuba masa lambobi yadda duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya zai bayar. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara. Layin sama 4 da 9 da 2, na tsakiya 3 da 5 da 7, na ƙasa 8 da 1 da 6. Ta ko'ina ka tara 15 za ka samu. Lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, idan aka mayar da su haruffa sai su zama ba da dal da wau da ha, kuma daga nan aka samo sunan Buduhu da almajirai suka sani.

Mai gida tara ana iya dacewa da shi ta gwaji. Amma mai layi biyar, wanda kowane layinsa zai ba da 65, ko mai layi bakwai mai ba da 175, ko mai layi tara mai ba da 369, gwaji ba zai kai mutum ko'ina ba, sai da ƙa'ida. Malam Muhammadu ya tattara hanyoyin gina hatimin da yawan layukansa mara ne, wato uku, biyar, bakwai har abin da ya yi sama, ya jera su mataki bayan mataki. Bari in kawo ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da malaman wannan fanni suka daɗe suna koyarwa, mai karatu ya ɗauki biro ya gwada.

Ka sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin gidan tsakiya. Daga nan kowace lamba ta gaba ka sauka da ita gida ɗaya ƙasa, ka matsa gida ɗaya dama. Idan ka faɗa waje ta ƙasa, sai ka ɓullo ta sama a wannan jerin. Idan ka fita ta dama, sai ka shigo ta hagu a wannan layin. Idan kuwa ka tarar da wata lamba ta riga ka zama a gidan, sai ka koma kan lambar da ka ajiye ƙarshe, ka sauka gida biyu a miƙe, ka ci gaba. Shi ke nan. Ka yi wa mai gida tara haka, Buduhu zai fito maka daidai. Ka yi wa mai gida 25, layin sama zai ba ka 11 da 24 da 7 da 20 da 3, jimla 65. Yaron da bai san dalili ba, muddin ya bi umarnin, zai samu amsa. Irin wannan jerin umarni da ba ya buƙatar mai binsa ya fahimci komai shi ne ainihin abin da ake rubuta wa kwamfuta, kuma sunan da Turawa suke kiransa ma daga sunan Al-Khawarizmi na Bagadaza suka samo shi.

Sai a dubi dokar nan ta fita ta ƙasa a ɓullo ta sama. Wanda ya riƙe Nokia 3310 ya san ta, domin macijin wasan Snake II idan ya fice ta gefen allo ta ɗaya gefen yake dawowa. Haka jirgin wasan Asteroids da kamfanin Atari ya fitar a 1979, haka Pac-Man na 1980 idan ya shiga ramin gefe. Masu rubuta waɗannan wasanni ƙirga mai zagayowa suka yi amfani da shi, irin na agogo, inda ƙarfe tara idan aka ƙara mata awa biyar take zama ƙarfe biyu, ba sha huɗu ba. Bajamushe Carl Gauss ne ya tsara wannan ƙirga a matsayin fanni mai zaman kansa a littafinsa na 1801, shekara 60 bayan rasuwar Malam. Ba ina cewa Gauss ya karanta Bakatsine ba ne, ko kuma Bakatsine ne ya ƙago hanyar, domin malaman ƙasashen Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu a kan aufaƙi kafin a haife shi. Wasu matasanmu a intanet sukan zuzuta shi har su ce shi ya ƙirƙiro kwamfuta, kuma wannan ba gata suke yi masa ba. Abin da ya yi ya ishe shi.

Ɓangaren haruffa kuwa shi ya fi kusa da maganar sirri. Kowane harafin Larabci yana da lambarsa, kuma da wannan malamanmu suke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi. Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan yadda Malam Muhammadu ya bayyana ƙa'idar ramzi, aka buga a Ibadan a 1967. Akwai wani tarko a ciki. Mu nan tsarin Magariba muke bi, inda shin take 1000, sin take 300, sadi yake 60. A Masar da sauran gabas kuwa shin 300 ce, sin 60, sadi 90. Shi ya sa ramzin waƙoƙin zamanin jihadi yakan fara da shin da ra, wato 1200. Bamasaren da ya lissafa wannan kalma da tsarinsu zai samu 500, ya ɓata da shekara 700. Rubutu ɗaya ne a gaban mutum biyu, amma sai mai riƙe da mabuɗin da ya dace zai fahimta.

Sai dai musanya harafi da lamba ba makulli ne mai ƙarfi ba. Tun a ƙarni na tara Al-Kindi na Bagadaza ya nuna cewa idan aka ƙirga alamar da ta fi yawan fitowa a cikin saƙo, aka gwada ta da harafin da ya fi yawa a harshen, asirin zai tonu. An gano rubutunsa a Istanbul, aka buga shi a Dimashƙa a 1987. Makullan zamani sun bar dogaro da ɓoye hanya, sun koma dogaro da wahalar lissafi. Tsarin RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a Amurka a 1977, yana ɗaukar saƙo ya mayar da shi lamba, ya yi ta ninka ta a kan wani irin agogo mai ɗaruruwan alƙaluma, tana zagayowa. Girman agogon kuwa ana samunsa ne ta ninka wasu manyan lambobi biyu da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ninka su abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon ya gagari kwamfutocin da ake aiki da su yau. Shi ya sa ɗan damfara ba ya wahalar da kansa wajen fasa makullin, sai ya turo maka saƙon ƙarya ya ce ka ci wata kyauta ko an rufe asusunka, don ka miƙa masa lambar sirrin da hannunka.

Ba za a yi wa Malam adalci ba idan aka ɓoye cewa shi bai ɗauki hatimi wasan ƙwaƙwalwa kawai ba. Ya yarda haruffa da lambobi da taurari suna da asirai, kamar yadda malamai da yawa na zamaninsa suka yarda, kuma Ad-Durrul Manzum cike yake da irin abubuwan da wasu malamai tun da can suke ƙyama, har yau kuma ake ja-in-ja a kansu. An buga littafin a Alƙahira a 1961, kuma masu neman asiri sun fi masu neman lissafi saye. A ganina wannan ne ya jawo masa rashin gata a gida. Ɗan boko ya ɗauke shi malamin tsibbu, mai wa'azi ya kauce masa, mai tsibbun kuma ya kwafi hatimin bai taɓa tambayar me ya sa layukan suke daidaita ba. Hukuncin asirin na malaman shari'a ne. Jimlar 65 kuwa ba ta da mazhaba. A 1973 wani Ba'amurke, Richard Schroeppel, ya sa kwamfuta ta ƙirga hatimai masu gida 25 da za a iya ginawa, ya samu 275,305,224. A wannan shekarar ce kuma Claudia Zaslavsky ta fitar da littafinta Africa Counts, inda ta gabatar da Bakatsinen ga masu karatun Ingilishi daga wani kwafin rubutun hannu da ke makarantar SOAS ta Landan.

Shekarunsa na ƙarshe a Alƙahira ya yi su, kuma a nan ya shaƙu da Shaihu Hasan Al-Jabarti, malamin fiƙihun Hanafiyya kuma masanin falaki da lissafi, wanda shi ma asalin kakanninsa daga gabashin Afirka suka zo. A gidan Shaihu Hasan Allah ya karɓi ran Malam Muhammadu a 1154 bayan Hijira, wato 1741, bai sake ganin Katsina ba. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Sama da shekara goma bayan haka aka haifa wa Shaihu Hasan ɗa, aka sa masa Abdurrahman, wanda ya girma a gidan ya zama marubucin tarihin da ya adana mana sunayen malaman baƙon mahaifinsa da jerin littattafansa. Shaihu Hasan ne ya binne shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin ta Alƙahira. Allah ya jiƙansa da rahama.